Saksofon ɗin da Aka Wanke da Toka

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, yawancin masu karantawa kuwa ɗalibai ne masu zurfin ilimi, ina tsoron su tsinci kuskure a kowane layi. Sannan sana'ata gyaran kayan busa ce. Na san akwai malaman da ba su sonta, ni kuma ban iya jayayya ba. Abin da ya sa na daure shi ne wasu samarinmu da suka biyo ta shagona kwanan baya, suka tsaya suna kallona ina aiki. Ɗayansu ya ce, “Baba Sani, ashe aikin naka manna fata ne kawai? Duk ranar da tallafin karatu ya makara sai mu zo mu taya ka mannawa.” Suka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin wanda ya ɗauki aikin nan da sauƙi zai lalata wa wani abin da yake cin abinci da shi.

Ni ɗan dukawa ne daga Sakkwato. Mahaifina takalma yake ɗinkawa da jakunkuna da rigunan littattafai, a gabansa na koyi riƙe aska da basilla. Neman abinci ya kai ni Sudan, a can na auri Hajara, Bahaushiyar Omdurman, daga baya muka gangaro Alƙahira muka kama ɗaki a unguwar Hayyin Ashir. Aikina na farko a nan gyaran madaurin akwatin ganga ne, a titin masu sayar da kayan kiɗa. Wani tsoho mai shagon gyaran kayan busa a gefe, Usta Fahim (usta suke ce wa gwanin sana'a a nan), ya ga yadda nake fere bakin fata har ta zama kamar takarda, sai ya ce in zo da safe.

Saksofon ƙaho ne na tagulla, mai ramuka fiye da ashirin a jikinsa. Kowane rami yana da murfi, a cikin kowane murfi akwai ɗan faifai da muke kira matashi: kwali a ƙasa, ulu da aka danne a tsakiya, fata siririya a sama. Idan mai busa ya danna, dole fatar nan ta zauna a bakin ramin ta ko'ina, kada iska ko kaɗan ta fita. Matashi ɗaya ya yi yoyo a sama, duk muryoyin ƙasa sun mutu. Kayan aikinmu ba su da yawa: ƙananan sukundireba, fitilar sibirto, wato sifirit, da muke narka danƙo da ita, takardar sigari, da wata 'yar fitila mai doguwar waya da ake zurawa cikin ƙahon. Idan ka rufe murfi a cikin duhu ka ga haske yana leƙowa, ko da kamar gashi ne, aikinka bai yi ba.

Usta Fahim bai bar ni in taɓa ƙahon mutane ba sai da na gaji da jira. Ya ba ni wani mataccen ƙaho da aka bari a shagon, in kwance shi, in ɗaura, in sake kwancewa. Duk lokacin da na ce na gama, sai ya ce, “Ya Sani, da ido ka duba ko da fitila?” Har yau nakan rufe akwati, in sake buɗewa in zura fitila, in rufe, wani lokaci in kai bakin ƙofa in dawo. Hajara tana cewa ciwo ne. Mai yiwuwa. Da Usta Fahim ya rasu, 'ya'yansa suka bar mini shagon da masu kawo gyara, a cikinsu har da Mista Elbat.

Aikin farko da na yi masa ni kaɗai, 'yar wayar ƙarfen da ke ɗaga murfin ƙaramin yatsa ce ta karye. Ya shigo, dogon baƙar fata ɗan Amurka, ya fara ranƙwafawa don tsufa, ya ajiye akwatin a kan tebur amma bai ɗauke hannunsa daga kai ba. Larabcinsa a karye yake, Turancina ya fi nasa Larabcin karyewa, da haka muke fahimtar juna. Ya ce, “Usta, gyara abin da ya karye kawai. Kada ka goge komai.” Da na buɗe sai na ga dalili. Ƙahon ya yi baƙi-baƙi da kore-kore, ba sauran sheƙi. A gefen babban bakinsa kuma akwai sawun hannu, yatsu huɗu da tafi, ya fi sauran jikin duhu, kamar an zana.

A hankali, gyara bayan gyara, na ji tarihinsa. An haife shi a wani ƙauye a kudancin Amurka, ya fara busa a coci. Da iyayensa suka koma Shikago ya haɗu da wani wanzami da ke busa kiɗan jaz a ƙarshen mako, shi ya koya masa. Ya yi aikin soja a rukunin masu kiɗa, ya fito ya shiga manyan ƙungiyoyi a Niu Yok, suna yawo gari-gari a bas. Ya ce bai taɓa zama shugaban ƙungiya ba. “Ni ne wanda ke zaune a gefe yana jira a zo kansa,” in ji shi. “Idan ka sami tsohon faifai ka ji wani ya shigo a tsakiya ya yi 'yar gajeriyar magana da ƙaho ya fita, to, wataƙila ni ne.” Da kasuwar jaz ta yi sanyi a ƙasarsu ya tafi Faris, ya zaga Turai, sannan wani otel ya ɗauko shi Alƙahira aikin 'yan watanni. Rana ta yi wa gaɓoɓinsa daɗi, ya zauna.

Ƙahon na wanzamin nan ne. Da haƙoransa suka zube ya daina busa, sai ya miƙa wa Elbat. Sawun hannun kuwa nasa ne: wurin da yake riƙewa ne idan yana tsaye yana jiran nasa lokacin, gumi ya ci tagullar har ya bar alama. Elbat ya ce shi ba ya riƙewa a wurin, yana saukar da hannunsa ƙasa kaɗan don kada ya ɓata. Ba shi da hoton mutumin, wannan kawai yake da shi.

Shekarar 2011 kowa ya san abin da ya faru a garin nan, ba sai na faɗa ba. Mu dai abin da muka gani shi ne baƙi masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, otel-otel suka sallami makaɗa. Idan ba a busa, ba abin da zai lalace, ba mai zuwa wurina. Na koma gyaran jakunkunan makaranta da zip. Mai shigo mana da matasai daga Italiya ya rufe ya tafi. Na yi ta lallaɓa ragowar da ke cikin aljihun tebur, ina cire na wannan mataccen ƙaho ina sa wa wancan. Amma shekarar da ta fi muni ita ce 2013, da aka sa dokar hana fita. Kiɗa abincin bayan magariba ne, doka ta hana shi gaba ɗaya.

Ana cikin haka, gab da babbar sallah, Elbat ya zo da labari. Wani gidan abinci na kan jirgin ruwa a unguwar Zamalek zai fara kiɗa da la'asar, tunda dare ya gagara, kuma manajan ya ce ya zo bayan sallah ya ji shi. Ba abinci kawai ba ne. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ba za a sabunta ba sai da shaidar wurin aiki. Idan bai samu ba sai ya bar ƙasar, kuma ya ce ba shi da inda zai koma ya busa. Murya ɗaya ta ƙasa ce ke masa gardama, ya ce in duba. A lokacin ana yawan rufe titinmu ba shiri, na ji tsoron barin amana a shago, sai na ɗauki akwatin na hau ƙaramar bas da shi a kan cinyata har gida.

Washegari na fita neman sibirto. A gidanmu kuwa ranar wankin sallah ce. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ranar: a fito da tasa da tukunya da tire, a goge da toka da lemon tsami har mutum ya ga fuskarsa. Hajara tana shara ta ji warin tsufa daga akwatin, ta buɗe. Da na dawo na tarar da ita a banɗaki, ga baho cike da ruwan kumfa, ga ƙahon a jingine da bango yana ɗiga, yana walƙiya kamar yau aka ƙera shi.

Ta ce, “Malam, zo ka gani. Da ƙyar ya fita, musamman wani baƙi a nan gefen, sai da na sa soson waya. Bawan Allah, ba shi da mace ne a gida?”

Na zauna a bakin ƙofa.

“Lafiya? Ka yi shiru kamar an aiko da mutuwa.”

Na ce, “Jiƙa shi kika yi?”

“To, ya za a yi datti ya fita ba a jiƙa ba? Yanzu kai sai ka mayar wa dattijon mutum kayansa haka? A ce ya kwana a ɗakina ya fita da wannan dauɗar? A gidanmu ko kwanon maƙwabta ba a mayarwa sai an goge shi.”

Gaskiyarta ce, haka aka tarbiyyantar da mu. Ni ma ban taɓa kawo aiki gida ba, ba ta san cikinsa ba. Na yi mata bayani. Matasan duk sun sha ruwa, sun kumbura, lemon ya ci fatar, idan suka bushe za su ƙanƙance su tsage. Babu irinsu a kasuwa. Sawun hannun kuma na gaya mata ko na wane ne. Ta saki soson, ta ce, “Inna lillahi.” Ta ɗauko tsumma muka shiga tsane ruwa daga wayoyi kafin su yi tsatsa.

Na buga wa Elbat waya a take, domin ba zan iya kwana da wannan ba. Ya zo da yamma, ya hau benenmu yana haki. Ya ɗauki ƙahon ya juya shi wajen taga, ya juya, ya sake juyawa. Ya sa yatsa ya shafa wurin. Ba komai sai sheƙi da 'yan ƙananan karce.

Hajara ta fito da mayafinta, ta durƙusa daga nesa kamar yadda ake yi wa babba. Ta ce da Larabci, “Baba, ni ce. Ba shi ba ne. Na ɗauka girmamawa nake yi.”

Na kawo masa shayi, bai sha ba. Can ya ce, “Ma'alish, ba komai, 'yata. Tashi.” Muryarsa ba ta nuna ya huce ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya juyo gare ni ya ce, “Wannan ya tafi, khalas, shi ke nan. Usta, zai yi magana kafin ranar?”

Na ce, “Ban sani ba.” Ban iya cewa in sha Allahu da bakin da zuciya ba ta yarda ba, sai dai na ƙara da cewa, “Zan gwada yin matasan da hannu, idan na sami fata.”

Ku da kuke cewa manna fata ne, ku saurara a nan. Ranar sallah fata ta cika Alƙahira, a kowane lungu an tara ta, amma ɗanya ce, ba ta da amfani a gare ni. Ta masu takalma ta yi kauri, kuma an shafe ta da fenti. Ta masu jaka an sa mata mai, za ta manne a bakin rami. Abin da nake bukata fatar ɗan akuya ce, jemammiya da bagaruwa irin ta gida, ba rini, ba mai. Na zaga inda na sani ban samu ba. Hajara ce, ran sallah da hantsi, ko nama ba ta tsaya rabawa ba, ta ɗauki mayafi ta tafi unguwar Ard al-Liwa wurin matan Sudan masu kawo turaren wuta da kayan gida. Ta bi su ɗaki-ɗaki. Da la'asar ta dawo da fata biyu a naɗe cikin zane, daga wurin wata tsohuwa da ta ajiye su don rigar littafin jikanta. Ta ajiye a gabana ta ce, “Yalla, Malam. Saura naka.”

Na shimfiɗa fatar a kan gilashin tebur, na wasa askar mahaifina. Ana fere ta ne daga ciki, kaɗan-kaɗan, hannu a kwance. Ka danna da yawa ta huje, ka ji tsoro ta yi kauri. Idan ka ɗaga ta wajen taga ya kamata ka ga inuwar yatsanka ta baya. Sai ka ɗora a baki ka tsotsa: idan iska ta wuce, wurin bai yi ba. Bayan akuya ne ke da kyau, ciki yana da ƙofofin gashi masu faɗi. Na lalata rabin fata ta farko kafin hannuna ya tuna. Ulu na samo daga tsohuwar hula, kwali daga akwatin takalmi, 'yan faifan ƙarfen da ke tsakiyar kowane matashi kuma na ciro daga ruɓaɓɓun matasan na wanke. Kowane murfi da girmansa, daga mai faɗin ƙwayar gyaɗa har mai faɗin bakin kofi. Hajara ce ta riƙa bin bakin fatar da allura da zare tana tsukewa ta baya, ɗinkinta ya fi nawa ƙanƙanta. A ƙarshe na shafa kakin zuma, ɗan kaɗan ƙwarai, don ya toshe abin da ido ba ya gani.

Ɗaurawa ta fi yankawa wuya. Ka ɗumama murfi, danƙo ya narke, ka zaunar da matashi, ka rufe, ka duba. Ɗakinmu haske ya yi masa yawa da rana, sai na lulluɓa da bargo, ni da ƙahon da fitila, ga zafi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambayi Hajara ko zazzaɓi nake yi. Ta ce, “A'a, sana'a ce.” Murfin ƙasa na ƙarshe, babban nan, sai da na cire shi na mayar har na daina ƙirgawa. Duk lokacin da na rufe sai in ga zaren haske ta gefe ɗaya. Daga baya na gane bakin ramin ne ya ɗan lotsa tun da can, shi ne ma gardamar da ya kawo a duba. Na sa 'yar takarda a ƙarƙashin matashin ta wannan gefen. Haske ya ɗauke.

Elbat ya zo ana gobe zai je Zamalek. Ya haɗa ƙahon, ya jiƙa ɗan siririn karan da ke bakin ƙahon da miyau, ya fara daga sama yana gangarowa. Ni ina kallon yatsunsa, ina jiran inda zai tsaya. Bai tsaya ba har ƙasa. Ya riƙe muryar ƙarshe, ya sassauta ta har ta zama kamar numfashi, ba ta karye ba. Ya cire daga baki ya ɓata fuska.

Na ce, “Akwai yoyo?”

“Babu. Amma ba muryarsa ba ce. Ta yi laushi, ta yi duhu. Me ka sa a ciki?”

“Akuya.”

“Akuya,” ya maimaita. Ya dubi ƙahon. “Na busa a Niu Yok, na busa a Faris, yau ga ni zan je neman aiki da akuya.” Daga kicin Hajara ta ce, “Baba, ta gida ce, ba ta cin takarda irin ta Masar.” A nan ne ya yi dariya, karo na farko tun ranar wankin. Ya zauna a kujerarmu ya yi ta busa har la'asar, yana neman hanyar da zai bi da sabuwar muryar. Ya rage ƙarfi, ya daina hawa sama da sauri. Yaran bene suka taru a matakala, ba wanda ya kore su.

Ban bi shi Zamalek ba, ba wurin zuwana ba ne. Na zauna a shago na kasa ko zura zare a allura. Bayan la'asar ya kira ya ce, “Tamam, Usta.” Sun ɗauke shi, ba kullum ba, amma sun ba shi takardar, aka sabunta iƙamar. Ya ci gaba da busa a jirgin nan har farkon 2015. Yakan kawo ƙahon in duba, ko da ba abin da ya same shi. Maganar sawun bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai na lura ya daina saukar da hannunsa ƙasa. Yana riƙewa a daidai wurin da wanzamin ke riƙewa, tunda ba sauran abin da zai ɓata. Zuwansa na ƙarshe na ga tagullar ta fara duhu a wurin, yatsu huɗu da tafi. Hannunsa ya fi na malamin nasa tsawo.

A wannan shekarar ƙirjinsa ya matsa masa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Shikago. Lambar da ya bar mini ta yi aiki na ɗan lokaci, daga baya ta daina shiga.

To, ga roƙona ga masu karatu, musamman 'yan uwanmu da ke Amurka, masu tuƙin tasi da masu karatu da masu aikin asibiti. Fatar nan a zafin Alƙahira na fere ta, ban taɓa gwada ta a ƙasar ƙanƙara ba. An ce a can suna hura ɗumi a ɗaki har iska ta bushe, kuma ban san abin da wannan zai yi wa kakin zuma ba. Da ragowar fata ta biyu mun ɗinka wasu matasan, cikakken saiti, suna nan a gwangwani, Hajara tana fito da su tana shanyawa a inuwa kada su yi fumfuna. Duk wanda ya san wani dogon tsoho mai suna Elbat, mai busa saksofon, wanda ya zauna a Masar kuma yana cewa ma'alish, don Allah ya aiko da saƙo ta hannun kowane ɗalibi mai zuwa Hayyin Ashir, a ce a ba Sani mai gyaran ƙaho. Idan yana raye, a tambaye shi ko babban murfin ƙasa yana riƙe iska. Idan kuma ya riga mu gidan gaskiya, a gaya wa wanda ƙahon ke hannunsa cewa akwai 'yar takarda a ƙarƙashin wannan matashin, kada ya cire. Kuma kada ya goge gefen bakin.